Ƙullin Bahago

Ranar Talata, bayan la'asar sakaliya,
ina bakin rumfata a Shiyar Maɗunka,
basilla a hannu, tsirkiya a haƙora,
wani yaro ya tsai da babur, ya miƙo ambulan.
Ban yi boko ba. Na juya ta gaba da baya,
na aika a kira Luba, ɗiyar Modi majemi, ta karanta.

Bara Luba ta zama lauya,
har yau tana toshe hanci in ta ratsa majemar ubanta.
Ta bi takardar, ta yi shiru, ta sake bi.
Ta ce: Baba Jelani, wani kamfani ne a Ikko,
wai zanen da kake wa marfin jaka nasu ne,
sun yi masa rajista, da lamba, da hatimi.
In ba ka bari ba cikin sati uku
za su kai ka kotu, su kira aikinka sata.

Na ce: Mi? Sata?
Mai ƙulli taran nan, ja cikin tsanwa?
Da shi na buɗe ido, yana kan matashin uwata.

Na taka bagaruwa tun ƙafata ba ta kai gindin kwatarniya ba,
karan dafi ya rine ni har farce,
kuloko ya shiga tsagar tafin hannuna ya zauna.
Shekara arba'in da bakwai ban ajiye shaida ba,
don ban san watarana za a tambayi akuya
takardar mallakar fata.

Luba ta latsa waya, ga jakarsu cikin gilas,
kuɗinta ya sayi buhun gero da canji.
Na ce ta matso da hoton. Ta buɗa yatsu biyu.
Ɗaya, biyu, har bakwai, duk sun karkata dama.
Na takwas ya juya hagu.
Dariya ta ƙwace mini, tsirkiya ta faɗi,
sannan wani abu ya tokare maƙogwarona.
Haliru, ubana, bahago ne.
A nan hannunsa ke gajiya ya koma ɗabi'arsa,
ni kuma na gaji kuskuren don kunyar gyara shi.
Injinsu ya kwashe komai, bai san me zai bari ba,
ya ɗauki tuntuɓen mamaci ya zuba a kasuwa,
ko sunansa ba a ambata.

Ta ce: Wannan ita ce hujja.
Mu nemo tsofaffin jakunkuna, masu shekaru a jiki.
Mun samo uku: ɗaya a Runjin Sambo wajen wata gwaggo,
ɗaya gafakar liman, ɗaya ɓera ya ci gefenta.

Ta ce kuma doka ta sauya,
yanzu mutum guda kan iya zama kamfani,
ba sai ya nemi abokin tarayya ba,
kuma kamfani, a idon shari'a, mutum ne.
Na ce: Yana salla? Ana yi masa ta'aziyya?
Ta ce: A'a, amma yana ƙara, ana ƙarar sa,
kuma ba ya mutuwa ranar da mai shi ya kwanta.

Na daɗe ina tauna wannan.
Na ce: To rubuta, Haliru Bahago.
Ya samu a takarda abin da bai samu ba a duniya.

An ɗage zama zuwa bayan Babbar Salla.
Ban san yadda alƙali zai auna ba,
ko hatimi ya fi nauyi, ko cizon ɓera.
Takardarmu na rataye a ƙusa, kusa da almakashi.
Jiya jikana Maccido ya kai ƙulli na takwas,
ya ɗago kai: Kaka, nan kamar an karkace.
Na ce: Bar shi yadda ka same shi.
Da shi muka sa hannu, tun ba mu iya rubutu ba,
kuma su ma, ba su sani ba, sun rubuta.